Fantasi tatsuniya ce? Amsar tambayoyinku kan kalmomi da karin magana

Tambayoyin wannan karon kusan duk na masu karatun nobel ne, ban sani ba ko haɗa baki kuka yi. Bari in fara da mafi tsawo a ciki.

Wata 'yar uwa ta rubuto ta ce: "Malam ni fa ba wata mai zurfin karatu ba ce, kawai in na kwanta nakan ɗan karanta nobel a waya har bacci ya kwashe ni. Da can fantasi nake so, irin masu matsafa da sarakuna da wata duniya daban, yanzu kuma na koma masu rikita ƙwaƙwalwa ɗin nan da Turawa ke cewa saikolojikal tirila, don gaskiya na fara ganin fantasi tatsuniya ce kawai ta yara. Wai me sunansu da Hausa?"

To 'yar uwa, kafin suna bari mu fara da kalmar da kika jefa, tatsuniya. Tatsuniya tana da sigarta da ba ta canzawa, ana buɗe ta da "ga ta nan ga ta nanku" masu sauraro su ce "ta zo mu ji ta", a rufe da "ƙurunƙus kan kusu", da baki ake yin ta, gajera ce, kuma taurarinta kowa ya san su tun kafin a fara, ba wanda zai tsaya yi miki bayanin waye Gizo ko me ya sa Ƙoƙi ke haƙuri da shi. Shi kuwa littafin fantasi mai shafi ɗari shida da taswira a farkonsa, marubucin sai ya gina duniyar tun daga tushe, ya faɗa miki waye ke mulki, me sihiri zai iya me ba zai iya ba, kuma in ya karya dokar da ya kafa da kansa a babi na uku ke ce za ki fara kama shi a babi na ashirin. Wannan ba aikin tatsuniya ba ne. Kalmar da ta fi dacewa ita ce almara, wato zancen da aka ƙaga wanda hankali ya san ba zai faru ba, don haka "labarin almara" ya wadatar. Ƙagaggen labari ya yi faɗi da yawa, duk wani nobel ƙagagge ne har da na soyayya. Hikaya da ƙissa daga Larabci muka aro su, amma ƙissa an fi jin ta a labarin annabawa da magabata, ni dai ba zan ɗora ta kan labarin matsafa ba.

Batun na yara ne kuma, a nan ban bi ki ba. Gasar rubutu ta 1933 da ta haifar da nobel ɗin Hausa na farko, cikin littattafan da suka fito akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, duka biyun da aljanu a ciki, kuma manya ne suka karanta su suka ji daɗi. Ita kanta tatsuniyar da kike rainawa sai da wani Bature mai suna Frank Edgar ya cika littafi uku da ita tsakanin 1911 da 1913.

Na biyun, wato saikolojikal tirila, shi ne mai wuya, ba mu da kalma ɗaya tak. Ni nakan ce "labarin wasa da hankali", don wasan biyu ne, ana wasa da hankalin wanda ke cikin labarin ana kuma wasa da na mai karatu. Misali mace ta ajiye makulli a kan tebur da hannunta, gari ya waye ta gan shi cikin aljihun rigarta, mijin ya dube ta cikin tausayi ya ce ai ke kika sa, kin manta ne, gobe kuma wani abin ya sake canza wuri, har ta fara zargin kanta, ke ma mai karatu kin rasa wa za ki gaskata. Babu dodo ko ɗaya amma kin kasa kashe fitila.

Ga abin da ke burge ni da waɗannan biyun. Mai tatsuniya in ya gama yakan ƙara da "ba don Gizo ba da na yi ƙarya", ka ga ya yi ƙaryarsa a fili ya kuma sanar da kai, almara ma haka take, tun shafin farko ta gaya maka ba duniyarka ba ce. Labarin wasa da hankali shi ne yake zuwa da fuskar gaskiya, gida irin naka mutane irin naka, sannan wani lokacin mai ba da labarin da kansa ne maƙaryacin, Musa a baki Fir'auna a zuci. Kuma Gizon nan bai tsaya a tatsuniya ba, duba yadda muke cewa "idona ne ke min gizo" ko "fuskarsa na yi min gizo" in mutum na ganin abin da babu shi. Wato sunan gwanin yaudara na tatsuniya shi muka ɗauka muka ba yaudarar da ido da zuciya ke yi wa mai su. To ashe ba ki yi nisa da Gizo ba 'yar uwa, kin dai bar shi a daji kin same shi a ɗaki.

Wani ɗan uwa kuma ya ce shi fantasi ba ta taɓa ba shi tsoro ba amma labarin wasa da hankali na hana shi bacci, shin tsoro ne sunan abin da yake ji ko fargaba?

Tsoro shi ne uwa, duk sauran 'ya'yansa ne, kuma yawanci yana da abin da ake jin tsoron, kura, duhu, wuƙa. Firgita da razana na farat ɗaya ne, ƙofa ta buga ka zabura shi ke nan ya wuce. Fargaba kuwa saurari kalmar da kyau, faɗuwar gaba ce aka dunƙule, irin "gabana ya faɗi", abin bai iso ba tukuna amma jikinka ya ba ka yana tafe. Zullumi ya fi ta tsawon rai, shi ne ka zauna kana saƙawa kana kwancewa kan abin da gobe za ta zo da shi. Sai waswasi, daga Larabci, yana nan a Suratun Nas, raɗa ce a cikin ƙirji, anya na kulle ƙofar nan kuwa, anya ba shi ba ne. Abin da ke hana ka bacci ɗan uwa fargaba ce da waswasi, dodon almara kana rufe littafi ya mutu, amma waswasi bin ka yake har kan filo.

Akwai kuma tsarguwa, wadda marubutan irin wannan labari ke ci da ita sosai, mai laifi ya ji ana hira kan wani abu daban sai gumi ya karyo masa. Karin maganarta: mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. "As" ɗin nan sautin korar kaji ne, wanda ya saci kaza ya ɓoye ko da wasa aka ce as hankalinsa ya tashi, don kar ta motsa ta tona shi.

Wata ta tambayi karin maganar da ta dace da labarin da ya juye a ƙarshe, wanda ake zargi ya fita wanda ba a zata ba ya zama shi ne. Ana zaton wuta a maƙera sai ga ta a masaƙa. Maƙera wurin wuta ne kullum, masaƙa kuwa zare ne da auduga, nan ne wuta ta fi ɓarna kuma nan ne ba wanda ya sa ido. Amma fa a kula, juyin da ya yi kyau shi ne in ka koma baya za ka tarar hayaƙin na nan tun farko kai ne ba ka duba ba, in marubuci ya jawo wani baƙo daga sama a shafin ƙarshe ya ce shi ne mai kisan, wannan ba wuta a masaƙa ba ce, ƙanzon kurege ne.

Na ƙarshe, wani yaro ya ce ko diragon shi ne dodo? Kusa dai, amma dodo ba shi da siffa ɗaya tsayayya, kowane mai ba da labari da irin nasa, shi kuwa wancan an san shi da fukafukai da aman wuta. In kana fassara ka ce "dodo mai aman wuta" a karon farko, daga nan sai ka ci gaba da dodo kawai.