Ƙotar bindigata tana sauya saiti: zan iya dasa mata ginshiƙai a gida?

Tambaya: Ina aiki a sansanin farauta kusa da gandun dajin Binuwai, ina da bindigar .375, irin mai babban harsashi, mai ƙotar katako, da takardunta. In na daidaita ta a Disamba, kafin Afrilu harsashi ya fara kaucewa, notinan kuma sun saki. An ce a dasa ginshiƙan ƙarfe cikin ƙotar. Zan iya yi da kaina? Daga wani mai karatu a Garwa, Kamaru.

Amsa: Malam, za ka iya, in kana da haƙuri. Laifin na katako ne da iskarmu. Ƙota tana shan raɓa da damina ta kumbura, hunturu ya zo ya tsotse ta, zafin Maris da Afrilu da ke wuce digiri 40 a Garwa ya ƙarasa ta. Notina biyu da ke riƙe ƙarfen bindiga katako suke matsewa. Ya motse, su saki. Ka ƙara ɗaurewa, ka ƙara murƙushe shi. Ginshiƙi ɗan bututu ne na alminiyam ko baƙin ƙarfe da ake dasawa a ramin kowane noti, sai ƙarfe ya zauna a kan ƙarfe, katako ya huta. Ba sabuwar dabara ba ce, bindigar Mauser ta 1898 ma tana da ɗan bututu a notin baya.

Kafin ka huda komai, zura takardar sefa dubu tsakanin bututun bindiga da ƙota, ka ja ta baya. In ta maƙale, katako na taɓa bututu, kuma wataƙila ɗan gogewa da samfefa ya ishe ka. Duba notinan madubin saiti ma.

In aikin ya zama dole, tabbatar babu harsashi, cire sakata da kunama. Kai wa mai injin sassaƙar ƙarfe awo ya yi maka ginshiƙai biyu: kauri wajen milimita 12, rami ya ɗan fi notin faɗi, kamar milimita 7 ga noti mai 6. Kada noti ya taɓa cikin ginshiƙi, domin dukan harbi aikin ɗan harshen ƙarfen nan ne da ke nutse cikin ƙota. A yi musu tsaga a jiki don gam ya kama. Tsawo kuwa daidai da zurfin katakon; in ya gaza, aikin banza ka yi. Faɗaɗa ramukan da injin huda na tebur, na hannu yana karkacewa.

Wurin da ake kuka shi ne gam. Nemi mai ruwa biyu mai bushewa a hankali, irin Devcon ko Araldite na awa 24, ka guji mai bushewa cikin minti biyar. Kwaɓa shi da asuba, don zafin rana yana daskarar da shi tun kana shafawa. Duk inda ba ka son ya kama, wato jikin ƙarfen bindiga, notina da zarensu, shafa man takalmi na Kiwi marar launi, ka goge, ka sake shafawa. Kowane rami da lungu a toshe shi da yumɓun wasan yara. An taɓa kawo mini bindigar da mai ita ya manta rami ɗaya: gam ya shiga ya zama kamar ƙusa, sai da muka fasa ƙotar da kurfi, yana tsaye yana salati.

Ɗaura ginshiƙan a jikin ƙarfen da notinan, shafa wa ginshiƙan gam, zaunar da ƙarfen cikin ƙota a hankali. Kada ka matse da noti, ɗaure da tsinken robar tayar keke, ka share abin da ya tsatso. Bayan awa biyar ko shida murɗa notinan kaɗan don kada su kafe. Washegari ka raba ƙarfen da ƙotar.

Tunda .375 ce, bar ɗan sarari kamar kaurin farce a bayan wutsiyar ƙarfen, in ba haka ba dukanta zai tsaga ƙotar. Mayar da kunama, gwada makullin tsaro sau da yawa babu harsashi, sannan ka ba gam kwana uku zuwa mako kafin ka sake daidaita saiti a mita 100.