Ruwa ɗaya aka yi, amma ma'aunan yara sun saɓa

Ka tambaye ni: "Malam, na raba 'yan aji biyar rukuni huɗu, kowane rukuni ya haɗa ma'aunin ruwan sama da gorar roba. Ruwa ɗaya aka yi, wasu suka karanta milimita 12, wasu 19. Ina na kuskure?"

To ɗana, kafin ka zargi yaran, duba gorunan. Ma'aunin nan tsayin ruwa yake aunawa, don haka dole faɗin bakin da ruwa ke shiga ya zama daidai da faɗin cikin da yake taruwa. Gora mai ƙugu ba ta yi. Idan bakin santimita 10 ne, cikin kuma 8, ruwan da ya kamata ya tsaya a 12 zai haura kusan 19, domin an tara shi a fili mai faɗi an zuba shi a matsatsi. Ina kyautata zaton abin da ya faru ke nan. Nemi gora mai lita biyu wadda jikinta ya miƙe sambal, kuma duk rukunonin su yi aiki da iri ɗaya.

Yankan kai za ka yi, ba yara ba. Yanke daidai inda kafaɗar gorar ta fara tsukewa, ka cire murfin, ka kifa saman a ciki ya zama mazurari, sannan ka lulluɓe gefen da salatef saboda kaifi.

Sai gindi, inda aka fi yin ɓarna. Gindin gora ba shafaffe ba ne, yana da tudu da kwari, wanda ya fara ƙirga daga can ƙasa ya riga ya ɓata lissafi. A zuba tsakuwa har ta wuce lanƙwasar, a ƙara ruwa ya rufe ta, a ja layi a saman ruwan. Wannan layin shi ne sifili. A manna rula ta yadda sifilinta zai hau kansa, ba bakin rular ba, don yawancin rula tana da ɗan rara kafin sifili. Tsakuwar kuma ita ke hana iska kifar da gorar. Ruwan gindin yana ƙafewa idan rana ta yi zafi, saboda haka kullum a duba, a cika shi zuwa layi, in ba haka ba ruwan gobe zai fara biyan bashin jiya ne.

A ajiye ma'aunin a fili, ƙasa mai daidai, nesa da bishiya da indararo. Tazararsa da gini ko bishiya ta kai aƙalla ninki biyu na tsayinsu. A riƙa karantawa lokaci ɗaya kowace safiya, yaro ya durƙusa idonsa ya yi daidai da saman ruwan. Wanda ya leƙa daga tsaye zai ga wata lamba daban. Bayan an rubuta, a zubar da ƙarin a koma sifili.

Kada ka goge 12 da 19 daga allo. Jera gorunan huɗu a gaban aji, ka ba su rula, su gano dalilin da kansu. Ni a ganina wannan ya fi haɗa gorar amfani.

Daga nan aikin ya shiga sauran darussa. A lissafi su tara na mako, su fitar da matsakaici, su zana jadawalin sanduna. Ka faɗa musu milimita ɗaya na nufin lita ɗaya a kan kowane murabba'in mita: rufi mai mita 8 da 6 zai tara lita 480 idan aka yi ruwan milimita 10. A darasin harshe kowane rukuni ya rubuta matakan haɗawa, wani rukunin ya bi rubutun ba tare da tambaya ba, duk inda suka tsaya cak nan ne jimlar ke buƙatar gyara. Rukuni kada ya wuce yara huɗu ko biyar, a riƙa juya mai karantawa da mai rubutawa kowace rana, ranar da ba a yi ruwa ba ma a rubuta sifili a littafi.