Likita, ɓeran Masar ɗin ɗana ya daina cin abinci

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita. Ina yi maka fatan alheri kai da iyali. Ni uwa ce, a Funtuwa nake zaune. Bara da ƙaramar salla kawun yarana ya kawo wa ɗana mai shekara 11 ɓerayen Masar guda biyu, duk maza, ɗaya fari fat, ɗaya mai ruwan ƙasa da ɗigon fari a goshi. Yaron nan ya ɗauki son duniya ya ɗora musu, ko kumallo ba ya karyawa sai ya leƙa su. To yau kwana uku ke nan mai ruwan ƙasan ya ƙi cin abinci. Yakan zo ya shinshina, ya ɗauka a baki, sai ya saki. Haɓarsa kullum a jiƙe da yawu, gashinsa ya tashi, tafiya ma da ƙyar, kamar ƙafafun baya na yi masa ciwo, in an ɗaga shi sai ya yi ƙara. Tun da rani ya shigo ciyawa ta ƙare, dusa muke ba su da ragowar shinkafa, jefi-jefi ɓawon kankana.

Na je shagon maganin dabbobi, mai shagon ya ce shi tumaki da kaji ya sani. Na wuce kemis aka ba ni Ampiclox, jiya na buɗe kafso na zuba rabi a ruwan shansa. Maƙwabciyata kuwa cewa ta yi, "Ɓera ne fa, ki jefar ki saya masa wani." Likita, yaron nan ko barcin kirki ba ya yi. Ina zan kai dabbar nan, kuma me zan yi kafin nan?

Wata uwa daga Funtuwa

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya ba shi lafiya, Ya yi wa yaron albarka. Da saƙonki ya iso ban jira fitowar mujalla ba, a ranar na kira lambar da kika bari, domin ɓeran Masar da ya kwana uku bai ci ba ba ya jiran mako. Abin da muka tattauna a waya shi zan maimaita a nan da ɗan ƙari, saboda na san akwai gidaje da yawa masu irin wannan damuwa.

Da farko dai, ruwan nan mai Ampiclox a zubar da shi, a wanke mazubin da sabulu, kada a sake. Ban ga laifinki ba, abin da kowa ya saba ke nan, da mutum da akuya duk kafso ake ɗura musu. Sai dai cikin ɓeran Masar irin na doki ne a ƙaramin jiki. Akwai wata babbar jaka a hanjinsa cike da ƙwayoyin halitta masu amfani, su ne suke narkar masa da ciyawa. Magungunan dangin penisilin, irin su Ampiclox da Amoxil da allurar Pen-Strep da ake yi wa tumaki, har da erythromycin da lincomycin, suna kashe waɗannan masu amfanin. Da fili ya samu sai wata muguwar ƙwayar cuta mai suna Kulostiridiyam ta yaɗu ta zuba dafi a hanji. Daga nan sai zawo, sai kumburin ciki, sau da yawa sai mutuwa. Ki duba yawan ma: rabin kafso miligiram 250 ne, dabbar kuma da wuya ta wuce giram 700 yanzu. Daidai yake da mutum mai kilo 60 ya haɗiye kafso 40 da ɗoriya. Abin da nake fata ya cece shi shi ne ɗacin maganin ya hana shi shan ruwan sosai. Duk da haka ki sa ido a kan kashinsa har kwana goma, don zawon kan iya ɓullowa bayan an daina maganin.

Ina nanata wannan ne domin ni da hannuna na taɓa yin kuskuren. Shekarata ta farko da fara aiki, wani dattijo ya kawo mini ɓeran Masar na jikarsa a cikin kwalin sabulu, yana da ƙurji a wuya. Na auna allurar penisilin daidai nauyinsa, na yi masa, na ce su dawo jibi. Da suka dawo kwalin ne kawai a hannun yarinyar, da ɗan tsumman da take shimfiɗa masa. A daren nan na buɗe littafi na ga abin da na aikata. Har yau in aka kawo mini dabbar da ban saba da ita ba, sai na duba littafi kafin in taɓa sirinji, ko da mai dabbar na tsaye yana kallona.

Yanzu ga abin da nake zato yana damunsa, bisa bayaninki. Yawancin dabbobin gida, akuya da kare da kaza, jikinsu na haɗa bitamin C da kansa. Ɓeran Masar kamar mu yake, ba ya iyawa, dole ya samu daga abinci kullum. Ta kansa ma aka fara gane ciwon rashin bitamin C da kyau: a 1907 wasu likitoci biyu a Norway, Axel Holst da Theodor Frølich, suka ciyar da ɓerayen Masar hatsi zalla, sai suka ga sun kamu da irin ciwon da ke kashe matuƙan jirgin ruwa masu daɗewa a teku ba tare da ɗanyen ganye ba. Dusa da shinkafa, ai hatsi zalla ke nan. Makonni kaɗan sun isa alamu su bayyana: gaɓoɓi su kumbura su yi ciwo, dasashi ya yi jini, haƙora su yi girgiɗi, gashi ya tashi, dabba ta riƙa ƙara in an taɓa ta. Kusan duk kin lissafa su a wasiƙarki.

Maganin wannan ɓangaren yana kemis ɗin da kika je, kuma ba shi da tsada. Ki sayi ƙwayar bitamin C zalla mai miligiram 100. Ki raba biyu, ki murƙushe rabi a cokalin ruwa, ki ba shi a baki da sirinji sau ɗaya a rana har mako biyu, sannan ki koma kwata. Farin ma a ba shi kwata kullum, tunda abinci ɗaya suka ci. Kada a zuba a ruwan sha, haske da iska na lalata shi da sauri, kuma ba ki san nawa ya sha ba. Kada kuma a ba shi maganin ƙarin jini ko haɗaɗɗen bitamin na yara, akwai wasu sinadaran a ciki da yawansu ke cutar da shi. In rashin bitamin C ne, cikin mako ɗaya za ki ga tafiyarsa ta fara sakewa.

Amma bitamin ba zai yi aiki a cikin da ya tsaya ba, kuma nan ne aikin ku yake, ke da yaron. Hanjin dabbar nan an halicce shi ne ya riƙa motsi dare da rana. In ya yi yini guda ba abinci sai ya fara tsayawa, iska ta taru, ga shi ba ya iya amai. Don haka ɗura za a yi masa. Ki samo sirinji ƙarami na mil 1, wato mililita ɗaya, ki cire allurar, ki yanke bakin da reza don ya faɗaɗa, ki goge kaifin. Ki niƙa busasshiyar ciyawa mai tsabta ta yi gari, ki tankaɗe, ki kwaɓa da ruwan ɗumi da ɗan dafaffen kabewa har ya yi kaurin kunu. Ki naɗe shi a tawul, ƙafafunsa huɗu a kan cinyarki kamar yadda yake tsaye, kada ki kwantar da shi rigingine don kada ya shaƙe. Ki zura bakin sirinjin ta gefe, a giɓin da ke bayan haƙoran gaba, ki matsa rabin mil, ki dakata. Za ki ga muƙamuƙinsa na juyawa, kunnuwansa na ɗan rawa, to yana taunawa ke nan. In ya bar abincin na zuba daga baki, ki huta minti biyar. Mil 10 duk bayan kamar awa uku, a nemi mil 60 zuwa 80 a yini da dare, da ruwa a tsakani. Masu kiwo da dama kan ɗauki sabon kashin lafiyayyen ɗan'uwansa guda ɗaya ko biyu su dama a ciki don mayar masa da ƙwayoyin hanji, ni ma ina yi. Kada ƙyama ta hana ki, su da kansu suna cin wani nau'in kashinsu, haka halittarsu take.

Ki ba yaron aikin awo. Sikelin kicin irin na masu yin kek ya isa. Kowace safiya ya ɗora shi a roba ya auna, ya rubuta a littafi, ya kuma ƙirga kashin da ya yi. Babban namiji yakan kai giram 900 zuwa 1,200. Dabbar nan abincin shaho ce a asalinta, ta iya ɓoye ciwo, amma sikeli ba ya ɓoyewa.

Abin da ba za ki iya a gida ba shi ne haƙora, kuma jiƙaƙƙiyar haɓar nan ta dame ni. Haƙoransa 20, dukansu girma suke yi har ya mutu, taunar ciyawa ce ke goge su. In aka daɗe ana ba shi abinci mai laushi sai turamen ƙasa su yi tsawo su karkato ciki, wani lokaci su haɗu a saman harshe su danne shi. Sai ki ga yana son abinci, ya ɗauka, ya kasa turawa ciki. Ba a ganin wannan da ido daga waje. Sai likita ya leƙa da na'urar duba kunne, in ya kama a goge to sai an sa shi barci. Ina roƙonki kada ki bari wani ya datse masa haƙoran gaba da abin yanke farce, haƙorin kan tsage har cikin dasashi.

To ina likitan? Gaskiya, Hajiya, likitan da ya ƙware a kan irin waɗannan ƙananan dabbobi kaɗai da wuya ki same shi a garuruwanmu. Shekara shida muka yi a jami'a, amma ƙarfin karatun da na aikin a kan shanu da tumaki da kaji da karnuka yake, don nan dukiyar jama'a take. Mai shagon da ya ce miki bai sani ba ya kyauta miki, ya fi wanda zai ƙirƙiro magani. Sai dai ke kin yi sa'a, Zariya ba ta kai kilomita 100 daga Funtuwa ba, kuma Jami'ar Ahmadu Bello na da asibitin koyarwa na dabbobi. Ki nemi sashen ƙananan dabbobi. Masu karatu na ɓangaren Sakkwato akwai irinsa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, na gabas akwai a Jami'ar Maiduguri, na Filato kuma ga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom, wadda take nan tun 1924. A irin waɗannan wurare ana kiwon ɓerayen Masar don bincike, kuma sau da yawa ma'aikacin da ke share musu keji kullum ya fi mu sanin halinsu. Ki tambaye shi.

Wanda duk waɗannan suka yi masa nisa, likitan shanun garinsu ma zai iya, in aka taimaka masa. A je masa da takarda: nauyin dabba, kwana nawa bai ci ba, abin da aka ba shi. A gaya masa cikin ladabi cewa an ji dangin penisilin na kashe su. Likitan kirki ba zai ji haushi ba. In akwai buƙatar maganin ƙwayoyin cuta, enrofloxacin da Septrin suna cikin waɗanda cikinsu ke ɗauka, ga meloxicam don rage ciwo, amma shi zai lissafa yawan bisa nauyi. Lissafin nan ba wasa ba ne. Ivermectin da ake yi wa tumaki, alal misali, shi ne maganin ƙazuwarsu, amma rabon ɓeran Masar bai kai ɗigo guda cikakke ba, sai an sirka. Likitan zai iya ɗaukar bidiyo ya tura wa abokin karatunsa na jami'a ta WhatsApp, haka muke yi a tsakaninmu.

In za ku tafi Zariya ku yi sammako. Sunansa ɓeran Masar, amma asalinsa tsaunukan Andes ne a Kudancin Amurka, wajen Peru da Bolibiya, ƙasar sanyi. Zafi ya haura digiri 28 sai ya fara galabaita, balle cikin mota da tsakar rana. Kwali mai huji, ciyawa a ciki, yankan kokwamba maimakon ruwa, a tafi da ɗan'uwansa don hankalinsa ya kwanta. A gida ma, ga bazara na tafe, a mayar da kejinsu kusa da randa, a ajiye musu gorar ƙanƙara naɗe a tsumma su jingina.

Abincinsu daga yau: ingirici ya zama ba ya yankewa a gabansu, kyasuwa ko harkiya ko burburwa, wanda bai yi funfuna ba. Harawa kaɗan-kaɗan, yawanta na kawo musu tsakuwa a mafitsara. Kullum ɗan yankan koren tattasai mara yaji, ko gwaiba, ko ɗanyen zogale, a wanke sosai saboda feshin 'yan lambu, a fara da kaɗan. Ban da albasa da tafarnuwa da ganyen dankalin Turawa. Yaron zai iya shuka alkama a tsohon baho ya riƙa yanko musu, amma ban da dawa, kin san yadda gyauronta ke kashe awaki.

Maƙwabciyarki kuwa, a tuna mata da hadisin mutumin da Allah Ya gafarta wa don ya shayar da kare, inda Manzon Allah (SAW) ya ce akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta. Ba zan yi miki alkawarin zai rayu ba, kwana uku da yawa ne, ga kuma Ampiclox a kai. In kika ga cikinsa ya kumbura ya yi tauri, ko zawo kamar ruwa, ko jikinsa ya yi sanyi, kada ki jira gobe. Ki gaida mini yaron, ki ce masa ina jiran awon safiyar Asabar.