Kirikou da Mayya Karaba: Ya Dace 'Ya'yana Su Kalla?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. 'Ya'yana biyu, mai shekara 6 da mai 9, sun dame ni da son kallon katun ɗin Kirikou, don sun gani a gidan maƙwabta. Wasu sun ce yana da darasi, wasu kuma sun ce akwai tsiraici a ciki. Mene ne alherinsa, mene ne aibinsa? Daga wata uwa a Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana su. Masu yabon da masu kushen duk sun faɗi gaskiya.

Fim ɗin ya fito a 1998. Michel Ocelot ne ya shirya shi, Bafaranshe da ya yi ƙuruciyarsa a ƙasar Gini, ya kuma gina labarin a kan tatsuniyoyin Afirka ta Yamma. A Dakar aka ɗauki muryoyin, Youssou N'Dour na Senegal ya yi kiɗan da kayan gargajiya irin su kora da balafon. Labarin wani jariri ne mai suna Kirikou da ya yi magana tun yana cikin uwarsa, ya fito ya tarar garinsu na cikin ƙunci: idon ruwa ya ƙafe, mayya Karaba ta ƙwace zinaren mata, maza kuma duk wanda ya je yaƙarta ba ya dawowa, ana cewa cinye su take yi.

Babban abin da ya sa nake girmama fim ɗin nan shi ne tambayar da yaron ya riƙe tun daga farko: me ya sa Karaba take mugunta? Manyan garin ba su taɓa tambaya ba, tsoro kawai suke ji. Yawancin katun na yara sukan kawo mugu ne don a kashe shi a yi tafi. A nan kuwa sai da Kirikou ya haƙa rami ta ƙarƙashin ƙasa ya isa wurin kakansa a bayan dutse, kakan ya shaida masa cewa wasu maza ne suka danne Karaba suka soka mata ƙaya mai dafi a gadon baya, azabar ba ta barinta dare da rana. Ba ita ta ƙafar da ruwan ba, wata dabba ce ta shige cikin idon tana shanyewa, abin da zai tuna wa Bahaushe macijin rijiyar Kusugu ta Daura. Mazan ma ba ta ci su ba, gumaka ta mayar da su suna yi mata bauta. Yaron bai kashe ta ba, cire ƙayar ya yi da haƙoransa. Ɗan shekara 9 zai iya fahimtar cewa jita-jita na ƙara wa abu girma, kuma mai cutar da mutane wani lokaci shi ma an cutar da shi ne. Ina ganin wannan darasi ya fi ƙarfin abin da manyan kamfanonin Amurka suka saba bai wa yara.

Uwar Kirikou ma abin lura ce. Ba ta da hayaniya, ba ta raina tambayar ɗanta, kuma ita kaɗai ta gane shi sa'ad da ya dawo a wata kama. Zanen yana da kyau, launukan dawa da tsirrai sun fito sosai, ko da yake motsin bai kai santsin na katun ɗin yau ba. Wannan ƙaramin aibi ne.

Maganar tsiraici gaskiya ce. Matan garin ba sa rufe ƙirji, ƙananan yara kuma tsirara suke yawo, har da Kirikou. Ba a yi shi da nufin batsa ba, Ocelot ya ƙi yarda a yi musu sutura ne don yana ganin haka ƙauyen da yake zanawa yake a da, kuma hakan ya jawo masa wahalar samun masu rarraba fim ɗin a Amurka da Ingila. Amma niyyarsa ba ta sauya abin da idon ɗanki zai gani. A gidan da ake koya wa yaro kunya da suturta jiki tun yana ƙarami, uwa na da cikakken haƙƙin ta ce a'a, kuma ba wanda zai kira ta da rashin wayewa.

Ƙarshen labarin ya fi damuna. Bayan cire ƙayar, jaririn ya nemi auren Karaba, ta sumbace shi, nan take ya zama cikakken saurayi. An yi gaggawa a wurin, kuma yaro zai rikice: jiya jariri, yau ango. Haka nan an nuna mutanen garin, ban da uwar da kakan, a matsayin matsorata masu saurin manta alheri, har dattijon garin ma ba a bar shi da wata hikima ba. Wannan ya saɓa da yadda muke so yara su ɗauki dattawa. Ga kuma gumakan Karaba masu jajayen idanu da za su iya hana ɗan shekara 6 barci.

Shawarata, Hajiya, ki fara kallonsa ke kaɗai, bai fi awa ɗaya da kwata ba. In kin ga za ki iya jure maganar suturar, ki zauna da babban ku kalla tare, ki bayyana masa cewa tsafi da gumakan labari ne irin na tatsuniya, ki kuma tambaye shi me ya sa mutanen garin suka so kashe Karaba bayan ta daina mugunta. Ƙaramin kuwa a dakata masa tukuna, ko da zai yi kuka.