Kan Hajiyarku da ciwon mantuwa: abin da na gani a aiki da kuma a gida

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ba Hajiya sauƙi, ya saka maka da alheri. Ka ce likita ya tabbatar ciwon mantuwa ne, ta fara zargin matarka da ɗauke mata kuɗi, da almuru kuma sai ta ɗaure kayanta ta ce gida za ta, alhali tana cikin ɗakinta. Kana tambaya ko ka ɗauko nas ta riƙa kwana da ita. Ni aikin jinya nake yi, kuma na yi jinyar mahaifina da wannan ciwo har Allah ya karɓi abinsa.

Mai kwana tana da amfani in akwai hali, amma ba ita kuka fi buƙata ba yanzu. Ku nemi ma'aikaciyar jinya guda ɗaya da za ta riƙe lamarin Hajiya gaba ɗaya, ta san magungunanta da ranar komawa asibiti, ta zama ita ke kai magana tsakaninku da likita. A Ingila akwai waɗanda ake kira nas ɗin Admiral, aikinsu ke nan, kuma da iyalin suke aiki, ba da majinyaci kaɗai ba. Mu nan tsarin bai zauna ba, sai dai ku yi magana da wata nas ta asibitin da ake duba ta, ta riƙa leƙowa ko sau ɗaya a mako.

Ranar da ta fara zuwa, ku zube mata duk abin da Hajiya ke sha a kan faranti: na hawan jini, na sukari, na kemis, har jiƙe-jiƙen da 'yan dubiya ke kawowa. Maganin barci da na mura irin su Piriton suna ƙara rikita tsoho. Za ta duba banɗaki ko akwai santsi, ta ga ko rijiya a rufe take. Ku sayi littafi ku riƙa rubuta cin abincinta da barcinta da bayan gida. Idan kuka wayi gari ta rikice fiye da jiya, kada ku ce ciwon ne ya ƙaru, kada kuma a ce iska ce. Sau da yawa ciwon fitsari ne, ko zazzaɓi, ko ƙarancin ruwa a jiki lokacin zafi, kuma ana maganinsu ta dawo yadda take. Shi kuwa maganin donepezil da ake rubuta wa masu ciwon mantuwa yana rage alamun na wani lokaci, ba ya warkarwa.

Amma ni matarka ce ta fi tsaya min a rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 70 cikin 100 na awowin kula da masu wannan ciwo mata ne ke ɗauka. Ita ke wanka da wanki da tashin dare, sannan a kira ta ɓarauniya gaban baƙi. Nas ta gari za ta ja ta gefe ta tambaye ta: kina samun barci? Kina cin abinci? Kai ma ka tara 'yan'uwanku ka faɗa musu da bakinka cewa zargin daga ciwon yake, a raba kwanaki, wanda ke nesa ya turo kuɗi. Ita kuma matarka kada ta tsaya rantsuwa ko musu da Hajiya. Ta ce “Hajiya, zo mu duba tare.” Na mahaifina kullum a ƙarƙashin filo ko cikin aljihun tsohuwar rigarsa muke samun kuɗin.

Batun almuru, ku kunna fitila tun kafin duhu ya shiga, ku ba ta carbi ko tsintar wake. In ta ce za ta gida, ku ce to bari a yi salla tukuna, ku ja ta da hirar garinsu. Ku ɗinka lambar wayarka a mayafinta, ku sanar da maƙwabta da mai shagon bakin layi. Don Allah kada a ɗaure ta ko a kulle ta ita kaɗai.

Idan faɗa ko rashin barcin ya fi ƙarfinku, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. Faɗa min garin da kuke, mu ga wanda ya fi muku kusa.