Amsa ga mai tambaya kan wuraren gani a Arizona

Wa'alaikumussalam Malam. Ka ce taro zai kawo ka Finiks, babban birnin jihar Arizona ta Amurka, a watan Yuli, za ka samu rarar kwana uku, kana tambayar ko Grand Canyon, ƙaton kwazazzabon nan, kaɗai ya isa. Na daɗe a jihar nan, kuma shawarata ita ce ka ɗauki hayar mota ka nufi arewa, ka kwana a can. Motocin da ke kai mutum su dawo da shi rana ɗaya, rabin kuɗinka a kan titi zai ƙare, don zuwa kawai kusan awa huɗu ne.

Finiks a Yuli wuta ce, zafi maki 43 a ma'aunin Salshiyos ba labari ba ne, ƙarfen bel ɗin mota ma ƙona hannu yake yi. Amma da ka hau titin I-17 hawa kake ta yi, kafin ka kai garin Flagstaff iska ta sauya. A hanya ka ratse Montezuma Castle. Gida ne mai hawa biyar da ɗakuna wajen 20, mutanen Sinagua, 'yan asalin yankin na da, suka gina shi da dutse da laka a cikin kogon tsauni, suka bar shi wajajen 1425. Tun 1951 aka hana hawa, daga ƙasa za ka ɗaga kai ka kalla. Awa ɗaya ta ishe ka.

Shi kuwa Grand Canyon, hoto ba ya yi masa adalci. Kogin Kolorado ne ya sassaƙe shi, tsawonsa kilomita 446, zurfinsa a wasu wurare ya kai mita 1,800, kuma tun 1919 gwamnatin tarayya ta mai da shi gandun ƙasa. Yawancin mutane tsayawa suke a bakin kudu su ɗau hoto su juya. Kai ka yi sammako bayan sallar asuba ka ɗan sauka cikin kwazazzabon ta hanyar ƙafa mai suna Bright Angel. A nan za ka ga dutsen yana sauya launi kana tafe, daga fari-fari zuwa ja wur, ƙurar ma ta rina maka takalmi. Idan ayarin alfadarai ya taho, ka raɓe jikin dutse ka tsaya cik har su wuce, su ke da hanya. Kuregun wurin ba su da kunya, kada ka miƙa musu abinci, cizo suke yi. Sai dai ka kula, saukar daɗi gare ta, hawowar kan ci ninkin lokacin, kuma kana yin ƙasa zafi yana ƙaruwa. Rumfar hutu ta farko mai famfo ta isa wurin juyowa.

Rana ta biyu ka wuce garin Page don Antelope Canyon, wani siririn lungu ne tsakanin duwatsu da ambaliya ta goge su sumul. Ƙasar ƙabilar Nabaho ce, ba a shiga sai da ɗan jagoransu, kuma sai ka kama gurbi tun da wuri ta intanet. Yuli damina ce a nan. In suka ce an rufe saboda hadari, kada ka yi gardama ko da sama garau take a kanka, don a 1997 ruwan da ya sauka can nesa ya yi ajalin mutum 11 a ciki. Wani abin kuma, Arizona ba ta tura agogo gaba da awa ɗaya da bazara amma yankin Nabaho yana turawa, sai wayarka ta yi ta tsalle da awa ɗaya. Ka tambaye su da wane agogo suke aiki.

Tsohuwar cocin San Xavier da ke kusa da Tuson, wadda aka kammala a 1797, ta cancanci gani, amma kudu take, ka bar ta sai wani zuwan. Garin Tombstone kuwa ni ban ga abin ɓata mai ba, wasan kaboyi ne ake yi wa baƙi.

Batun abinci, ka yi guzuri tun daga Tempe da ke gefen Finiks, akwai masallaci da shagunan halal kusa da jami'a. Ka cika but da ruwa, kuma kada tankinka ya sauka ƙasa da rabi tsakanin garin Cameron da Page. Allah ya kawo ka lafiya.