Ina so in riƙa koyar da yarana a gida, zan iya kuwa?

Tambaya: Gaisuwa cikin sunan Yesu, Mama. Ni uwa ce a Sabon Tasha, yarana uku, babbar tana aji biyar na firamare, na biyun shekararsa shida, sai auta da bai kai uku ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin makaranta da na Keke suka fi ƙarfinmu, ga halayen da suke kwasowa a waje ba sa min daɗi. Ina da NCE amma ban taɓa aiki da ita ba. Maigidana ya ce in gwada koya musu a gida, surukata kuma ta ce zan kashe musu gaba. Zan iya kuwa? Kuma ya zan haɗa da aikin gida?

Amsa: Amin ƙanwata, sannu da fama da yara. Za ki iya, amma ba duka ukun a hanya ɗaya ba, kuma kar ki ɗauka sauƙi kika samu, kuɗin da kika rage a aljihu da jikinki za ki biya shi.

Bari in fara da abin da surukarki take tsoro dan ba shirme ta faɗa ba. Dokar UBE ta 2004, wato dokar ilimin farko na dole, ta ɗora wa iyaye su tabbatar yaro ya yi shekara 9 a makaranta, shida a firamare uku a ƙaramar sakandare, har da hukunci ga wanda ya ƙi: karon farko jan kunne, na biyu tarar naira 2,000 ko wata ɗaya a gidan yari. Dokar ba ta ambaci karatun gida ba ko kaɗan, toh kinga babu wani ofis da zai ba ki takardar cewa ke makaranta ce. Shi ya sa ni shawarata kullum ita ce kar a yanke igiya da makaranta gaba ɗaya. Ki nemi wata mai rajista kusa da ku, ki zauna da hedimasta ki faɗa masa gaskiyar abin da kike so, wasu suna yarda sunan yaro ya zauna a rajistarsu yana zuwa jarabawar ƙarshen zango a ba shi rizol, ki biya ɗan abin da kuka shirya. Wasu kuma za su ce a'a, sai ki ƙara gaba.

Babbar taki kam, da ni ce zan bar ta ta ƙarasa. Saura mata shekara ɗaya da ɗan abu, ga komon entarans na NECO a gabanta idan kuna da burin makarantun tarayya irin FGC Malali, daga baya kuma ga BECE, jarabawar gama ƙaramar sakandare a JSS 3, wadda ta hannun makaranta ake rajistarta. Can sama ne ake da ƙofar da ba ta buƙatar makaranta, wato WAEC da NECO na masu zaman kansu da muke ce wa GCE, sannan JAMB, wadda ita ma sai da NIN. Idan kuɗi ne matsalar, ta gwamnati kyauta ce a doka, ke kuma ki zama mai yi mata lesin da yamma. Ki fara da ɗan shekara shidan, zango ɗaya, ki ga kamun ludayinki.

Yanzu ga inda na fi so ki saurare ni. Na koyar a firamare shekaru da dama kafin in zauna da nawa a gida, kuma satin farko na yi wauta iri-iri. Na rubuta taimtebul daga takwas zuwa biyu na manna a bango, na sayi ƙararrawa, har yunifom na ɗinka musu. Ranar Alhamis ina kan allo ina ta fama da ɗana a kan 7 a tara da 5, jaririya tana ihu a bayana, sai na ji ƙauri, ashe waken da na ɗora ya ƙone ƙurmus. Na zauna a bakin kicin na yi kuka, yaron ya zo ya tsaya a kaina ya ce "Mama an tashi?" Daga ranar na cire takardar nan daga bango.

Abin da ke cin lokaci a aji yawan yara ne, kiran suna, raba littafi, raba faɗa, jiran na baya ya gama kwafa. Ke yaro ɗaya ne a gabanki. Awa ɗaya da rabi zuwa biyu da safe ta ishe ɗan shekara shida, ita ma a gutsuttsure, minti 15 ko 20 ya tashi ya sha ruwa ya dawo. Karatu, rubutu, lissafi, su ne ginshiƙi. Ki samo manhajar ajinsa ta NERDC, wato hukumar da ke tsara manhajar makarantu, ko littattafan da aka rubuta a kanta dan ki san inda sa'anninsa suke, ki kuma ware littafi ɗaya kina rubuta kwanan wata da abin da kuka yi kowace rana, duk ranar da zai koma makaranta shi ne shaidarki. Girki kuwa ki rage rabinsa tun dare, ki gyara wake, ki markaɗa kayan miya kafin NEPA ta ɗauke wuta. Auta ki ba shi marafan kwalba da tsohon kwano ya zauna kusa da ku, in ya yi barci ku yi abin da ya fi wuya.

Sauran karatun yana cikin hidimar gida. Ki tafi da shi kasuwar Sabo ki miƙa masa naira 1,000 ya sayi tumatir na 600, kar ki ce komai, ki bar shi ya tsaya yana lissafa canji da yatsu mai tumatir tana masa dariya. Wannan ɗari huɗun ba zai manta da ita ba. Wata ranar ku shiga gidan tarihi na kan titin Ali Akilu ya ji labarin tsohuwar al'adar Nok, ki faɗa masa nan jiharmu ne, ƙasar Jaba, ko ku je wurin shaƙatawa na Gamji ya taka gadar Lugard da aka kawo daga Zungeru.

Batun bangaskiya da tarbiyya kuma, tunda shi ne rabin dalilinki. Maimaitawar Shari'a 6:7 ta ce a koya wa yara maganar Allah ana zaune a gida, ana tafiya a hanya, da kwanciya da tashi, ki lura ba ta ce a kafa musu allo ba. Addu'ar safe gajera, waƙa ɗaya, aya ɗaya ta sati ana maimaita ta ana wanke-wanke. Ina roƙonki kar ki taɓa sa haddar aya ta zama horo, na ga gidan da in yaro ya yi laifi sai a ce je ka kwafe Zabura 119, mai aya 176 fa, yaron nan ya girma ko ganin Littafi Mai Tsarki ba ya so. Kuma kar tsoron halin waje ya sa ki kulle shi, yaro sai da 'yan'uwansa yara. Makarantar Lahadi, Boys' Brigade in ya kai, ƙwallo da yaran layi har da na maƙwabta Musulmi, a Kaduna zai zauna ai. Ke ma kar ki daina zuwa Zumuntar Mata dan kin zama malama, wuni da yara kaɗai ba babba ko ɗaya yana sa mutum ya fara masifa ba dalili.

Maigida da ya ce ki gwada, ki ce masa madalla, wane darasi zai ɗauka? Ko karatun dare na minti 20 ne ko lissafin ranar Asabar, ya zama nasa. Ita kuma surukarki kar ki yi musu da ita, ki ba ta aiki. In tana kusa ta riƙa zuwa sau ɗaya a sati ta koya musu yarenku, Tyap ne ko Jju ko Gbagyi, dan yaranmu na cikin gari Hausa da Turanci sun cinye musu harshen gida. In zango ya ƙare ki zaunar da jikan nata a gabanta, ki miƙa masa littafi ya karanta mata shafi guda da bakinsa.